Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa (1936–2020)

Balarabe Musa ɗan siyasa ne mai ra'ayin gurguzu, kuma shi ne gwamnan farar hula na farko da majalisa ta tsige a Nijeriya. An haife shi a Kaya, ƙasar Zazzau, ranar 21 ga Agusta 1936. Ya shiga jam'iyyar NEPU tun yana saurayi, ya kuma yi aikin akanta kafin siyasa ta ɗauke shi gaba ɗaya.

A zaɓen 1979 ya tsaya takara a PRP ta Malam Aminu Kano, ya kayar da Lawal Kaita na NPN, ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina da Daura. Kano kuwa ta faɗa hannun Abubakar Rimi, shi ma na PRP.  Gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali, kuɗin da talaka da makiyayi suka daɗe suna kuka da su.

Sai dai Balarabe ya ci kujera, bai ci majalisa ba. NPN ce ke da kusan kashi biyu bisa uku na kujerun, ƙarƙashin kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa. Sau da dama ya aika da sunayen kwamishinoni, majalisa ta yi fatali da su. Shi kuma ya ƙi saka 'yan NPN don a sasanta. Haka ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya. Wasu na kiran wannan taurin kai, amma da wuya a ga yadda zai raba muƙamai da waɗanda yake kira 'yan mazan jiya, kuma ya ci gaba da zama mutumin da talakawa suka zaɓa.

Gida ma bai zauna lafiya ba. PRP ta dare gida biyu: 'yan santsi, ɓangaren gwamnonin da Michael Imoudu, da 'yan taɓo, masu biyayya ga Malam. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisa ta tsige Balarabe, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi.

Bai sake riƙe mulki ba. Ya nemi shugabancin ƙasa a 2003 bai kai labari ba, ya jagoranci gamayyar jam'iyyu ta CNPP, ya kuma riƙe PRP har 2018, duk da ƙarfinta ya ƙare, bai koma wata jam'iyya mai ci ba. Ya rasu a Kaduna ranar 11 ga Nuwamba 2020, yana da shekara 84.