Daga Kwal zuwa Kunkunniya: Tarihin Hayaƙin Fatakwal

Dattawan unguwar nan sun ga zamanin da ake ce wa Fatakwal garin lambu, saboda itatuwa da filayenta. Yaranmu na bayan 2016 kuwa, abin da suka buɗe ido suka tarar shi ne baƙar kunkunniyar nan mai kwana a kan tabarma da murfin randa. Ba daga sama ta faɗo haka kawai ba, tana da tarihi.

Tun asali don fitar da kaya aka sari garin. A 1909 Turawa suka gano kwal a Udi, kusa da Inugu, suka shiga neman gaɓar da jirgin ruwa zai tsaya. A 1913 Gwamna Lugga ya raɗa wa sabuwar tashar sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila, bakin Bahaushe ya mayar da shi Fatakwal. Jirgin ƙasa ya fara kawo kwal a 1916. Da layin dogo ya miƙe Arewa, aka gama gadar Makurɗi a 1932, kakanninmu da yawa suka biyo shi da shanu da wake da albasa.

Sai kuma mai. Kamfanin Shell-BP ya same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, aka buɗe matatar Alesa-Eleme a 1965. Kuɗi suka shigo, ciniki ya buɗe. Mahauci da ɗan canji da mai gadi, kowa ya samu. Amma iskar gas da ke fitowa tare da ɗanyen mai, ƙona ta ake yi dare da rana. Dokar 1979 ta ce a daina daga 1984. To, ga wutar nan har gobe tana ci.

Maƙwabtanmu Ogoni su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A 1995 gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, bayan gwagwarmayar da suka yi kan gurɓata musu gonaki da rafuka. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka abin da aka yarda da shi fiye da sau 900. Ya ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Da kifi ya ƙare a rafi, matatar gwamnati kuma ta yi ta ciwo, samari suka koma dafa ɗanyen man sata a daji, abin nan da ake kira kpo-fire. Jami'an tsaro in sun kama, su ma wuta suke cinna masa. Hayaƙin duka kanmu yake saukowa.

A 2017 gwamnatin jiha ta hana ƙona taya, ido ya koma kan masu babbake ƙanda a kwata. Hanin daidai ne, hayaƙin taya guba ne ga mai babbaka da mai ci. Sai dai fa kwata nawa ce za ta rufe sararin gari guda? Sai a farkon 2022, da aka shiga daji ana rushe matatun kpo-fire, mata suka fara shanya farin kaya a waje su kwashe shi fari.