Shari'ar Amina Lawal: Daga Bakori zuwa Katsina

A watan Maris na 2002 ne wata kotun Musulunci da ke Bakori, a jihar Katsina, ta yanke wa Amina Lawal hukuncin rajamu, saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta.

Mutumin da ta ce shi ne uban jaririyar ya rantse da Alƙur'ani, aka sallame shi.

A watan Agusta babbar kotun Musulunci ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin.

Sai ranar 25 ga Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta soke shi, da amincewar alƙalai huɗu cikin biyar.

Kotun ta ce alƙali ɗaya ne ya saurari ƙarar a Bakori, alhali doka ta tanadi mutum uku.

Ta kuma ce wanda ake tuhuma yana da damar janye iƙirarinsa kafin a zartar da haddi.

Sannan a mazhabar Malikiyya, kwantaccen ciki yana iya kaiwa shekara biyar, don haka ana iya danganta jaririyar ga tsohon mijin.

Lauyoyinta, Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, sun kafa hujjojinsu ne da fiƙihun Malikiyya da dokokin jihar.