Zaman Makoki a Ƙasar Hausa: Abin da Aka Gada da Abin da Ya Salwanta

In aka yi rasuwa a gidan Bahaushe, kafin masu kai gawa su dawo daga maƙabarta an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maza na zaure, mata na ciki kewaye da uwar mamaci ko matarsa. Mai gaisuwa ya durƙusa, a yi salati, a shafa Fatiha, ya ce "Ya haƙuri?", a ce masa "Allah ya ba da lada", ya samu gefen tabarma ya ɗan zauna. Maƙwabta kuwa sai aiko da kwanukan tuwo da kunu, don ba a barin gidan mutuwa da ɗora tukunya. An daɗe ana ja-in-ja kan wannan zama, amma gardamar ta maƙale ga ƙirgen kwanaki. Tarihin al'adar na nuna ginshiƙinta ɗaya ne: kada a bar wanda aka yi wa rashi ya ɗauki nauyinsa shi kaɗai.

Tushen abin yana cikin addini. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Shari'a ta yanka wa juyayi kwana 3, ta keɓe matar mamaci da takabar wata 4 da kwana 10, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta zo da shi. Bayan Wangarawa sun shigo Kano da Musulunci a ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji, sannu a hankali Hausawa suka ɗora nasu tsari a kai: sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, da rabon gumba da waina. Wannan ƙirge yana da hikimarsa ta zaman tare. A zamanin da fatake ke yin watanni a hanyar Gwanja neman goro, arba'in ce ke ba na nesa damar riskar gaisuwa. Kuma kowace ranar sadaka tana dawo da jama'a ne daidai lokacin da gida ya fara yin shiru, wanda shi ne lokacin da kewa ta fi cizo.

Masu suka na farko malamai ne, kuma ba yau suka fara ba. Tun kafin jihadin 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tantance sunna da bidi'a a sha'anin jana'iza cikin Ihya'us Sunna. Ƙungiyar Izala, wadda Shaikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta ɗauki sadakar uku, bakwai da arba'in a matsayin ƙari cikin addini. Suna da hujja mai ƙarfi, domin kwanon da ya kamata ya shiga gidan mutuwa ya koma fita yake yi: ana cin bashi a ciyar da baƙi, ana hayar rumfa da kujeru, wani lokaci daga dukiyar marayu tun kafin rabon gado. Sai dai gyaran ya tsaya rabin hanya. A unguwanni da yawa an daina dafe-dafen, amma ba a maye gurbinsa da komai ba. Ranar uku a naɗe tabarmi, mai takaba ta ƙarasa watanninta tsakaninta da bango. Babu malamin da ya hana a leƙa gwauruwa da marayu a mako na shida. Mu ne muka zubar da ziyarar tare da gumbar.

Suka ta biyu ta 'yan boko ce, masu ganin yawan cewa a yi haƙuri yana toshe bakin mai baƙin ciki, alhali likita yake buƙata. Tarihi bai goyi bayan rabin farko na wannan magana ba. Manzon Allah ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, Nana Asma'u kuma ta rubuta marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo. Kururuwa da yagar tufafi aka hana, ba kuka ba. Rabi na biyu kam gaskiya ne. Wanda aka kashe ɗansa a gabansa, ba ya iya barci, ƙarar babur na firgita shi, ya kamata a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa irin na Kware, Barnawa, Dawanau ko Maiduguri. Amma likita ba ya kawo tuwon dare, ba ya kwana a ɗakin mai takaba.

Babbar jarrabawar al'adar ita ce kisan gilla. An tsara ta ne don mutuwa ɗaya a unguwar da ke tsaye da ƙafafunta. Rikicin Maitatsine na Disamban 1980 ya ci sama da mutum 4,000 a Kano, harin Babban Masallacin Juma'a na birnin a 28 ga Nuwamba 2014 ya ci fiye da 100. A Zamfara da Katsina ƙauyuka sun watse, wasu mutanensu sun gudu har Maraɗi, masu gaisuwar su ma masu karɓar gaisuwa ne. Ga kuma waɗanda ba a ga gawarsu ba. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar ɓatattu fiye da 20,000 a Najeriya. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan jira shekara 4 bayan ta kai ƙara gaban alƙali kafin ta shiga takaba, kuma a tsawon wannan jira ba wanda ke shimfiɗa mata tabarma.

Don haka abin da ya rage mana ba gardamar uku ko arba'in ba ne. Kwamitin kowane masallaci ya san gwauraye da marayun unguwarsa, har da 'yan gudun hijirar da suka sauka a kangayenta, ya raba wa gidaje kwanakin kai musu abinci da ziyara har takaba ta fita. Wannan ba ya saɓa wa fatawar kowa, kuma shi ne asalin abin da kakanninmu suka bar mana.