Yadda Dodo ya shiga takarda

Darasinmu na yau tarihi ne. Za mu yi maganar Dodo, da yaran da suka raya shi.

Kowa cikinku ya san Dodo, amma ba wanda ya taɓa ganin shi da ido. Cikin gatana yake zaune. Wani ya ce cikin ruwa yake, wani ya ce cikin kurmin daji. Ƙato ne, ga gashi buzu-buzu, yana haɗiye mutum ɗungum. Da dare ya yi, tsohuwa ta ce "gatanan gatananku", yara su matso. Gobe su kuma su faɗa ma ƙannensu, kowa ya ƙara nashi: wannan ya ba Dodo ƙaho, wancan ya ba shi wutsiya. Haka aka yi shekaru masu yawa, daga baki sai kunne, ba a rubuta ba.

To, ku ji abin mamaki. Cikin waɗanda suka fara sa gatanar Hausa ta shiga boko, akwai wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, sunanshi Dorugu. An kama shi bawa yana ƙarami, daga baya aka ƴanta shi. Ya bi wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda ake kira Abdul Karim. Tare suka kai Tumbutu a 1853, suka isa Ingila a 1855. Can wani malamin mishan mai suna Schön ya zaunar da shi. Dorugu yana faɗi, shi yana rubutawa: labarin rayuwarshi da gatanar da ya ji a gida. Lokacin bai kai shekara 20 ba. Maganarshi ta fito cikin littafin Magana Hausa a 1885.

Bayan shi, wani jami'in mulkin Ingila a Najeriya, Frank Edgar, ya tara tatsuniyoyin da malamai suka rubuta mashi da ajami. An buga su littafi 3, daga 1911 zuwa 1913. Wani kuma, Tremearne, ya buga tatsuniya 100 da Ingilishi a 1913, Dodo na cikinsu.

Ku lura da abu guda. Labarin namu ne, amma littattafan a Turai aka buga su. A nan Nijar, zamanin mulkin Faransa, yaron lakkwal da Faransanci kaɗai yake rubutu. Dodon da ya sani da Hausa, a ƙofar aji yake barin shi.

Bayan ƴancin kai na 1960 abin ya fara sakewa. A 1966 aka yi taro a Bamako, aka tsara baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta Yamma. A 1973 aka buɗe lakkwal ta gwaji a Zinder, inda yara suka fara karatu da Hausa. Yaro ya samu hanyar rubuta abin da ke cikin kanshi da harshen da ya sha a nono.

Kada ku ce wannan wasan yara ne. Yaron da ya ƙago Dodonshi sai ya yi tunani: ina yake kwana, mi yake ci, wace dabara za a yi mashi? Nan yake koyon jera magana, farko da tsakiya da ƙarshe. Kuma abin da ke ba shi tsoro, in ya sa shi a takarda, ya rage girma.

Tsofaffi suna tafiya da gatanarsu. Saboda haka ga aikin wannan mako. Da dare ku kira ɗanku ko ɗiyarku, ku ce: "Faɗa mani yadda Dodonka yake." Kada ku gyara mashi. Ku rubuta layi 5 cikin littafin rubutunku, ku sa sunan yaron da na garinku a ƙasa. In yana lakkwal, ku miƙa mashi alƙalamin shi rubuta da kanshi. Ku kawo aji, a karanta ma kowa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.