Ɗaukar Sautin Jitar Lantarki a Gida: Jagora ga Masu Farawa

Ɗaukar sautin jitar lantarki yana nufin kama muryar da ke fitowa daga amfilifaya, a ajiye ta a kwamfuta ko a waya domin a saurare ta daga baya. Ƙungiyoyin mawaƙa da zumuntar matasa a garuruwa irin su Zagga, Illo da Bagudo sukan so su ajiye waƙoƙinsu, amma tafiya situdiyo a Birnin Kebbi ko Sakkwato tana cin kuɗin mota da na ɗauka. Ana iya yin aikin a ɗaki. Abubuwa biyu ne suka fi tsadar kaya muhimmanci: inda aka ajiye makirfo, da tsabtar wutar da ake aiki da ita.

Yadda sautin ke tafiya

Jitar lantarki ba ta da murya sosai ita kaɗai. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, su ne ke juya kaɗawar tsirkiya ta zama 'yar ƙaramar wuta. Amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sifika kuma ta mayar da ita sauti. Don haka amfilifaya da sifikarta rabin jitar ne, shi ya sa ake ɗauka daga bakin sifika.

Kayan aiki

Ana bukatar jita, amfilifaya, makirfo da sandar riƙe shi, kwamfuta, da ƙaramin akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, wanda masu situdiyo ke kira sawunkad. Amfilifaya mai wat 10 zuwa 20 ta isa. Babbar da ake fita da ita wa'azin fili ta yi wa ɗaki yawa. Makirfon da aka fi sani a wannan aiki shi ne Shure SM57, wanda ya fito a 1965. Yana jure ƙara, ba ya bukatar batir. Jabunsa ya cika kasuwa, sai a yi hattara. Wanda bai samu ba, makirfon hannu na majami'a zai yi, idan an nemi izinin dattawa. Manhajar Audacity kyauta ce, tun shekarar 2000 ake amfani da ita.

Batun wuta

A nan ne mutumin bakin iyaka ya kamata ya natsu. Wutar Najeriya bolt 230 ce, soket ɗinmu mai baki uku ne. A Jamhuriyar Benin filogi mai ƙafa biyu zagayayyu ake amfani da shi, irin na Faransa, kuma da shi kayan Kwatano da yawa suke zuwa. Mutane sukan tura tsinke a ramin sama na soket su cusa shi haka nan. Amfilifaya za ta kama, amma ta rasa wayar ƙasa, wato at. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, saboda haka idan wani abu ya lalace a ciki, wutar za ta nemi hanya ta jikin mai kaɗawa, musamman idan leɓensa ya taɓa makirfo. Wannan ya kashe mawaƙa a wasu ƙasashe. A kai wa mai gyara ya sa filogi mai baki uku, ya haɗa at ɗin da kyau. Idan aka ji jita tana ɗan jan hannu, a kashe komai nan take.

A kuma karanta rubutun bayan amfilifaya kafin a jona ta. Wadda aka yi domin Amurka bolt 120 take ɗauka, za ta ƙone a wutarmu in ba a sa mata taransifoma mai rage wuta ba.

Sai ƙugin nan da ake ji ko ba a kaɗa komai ba. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan ɗaya, maganaɗisun jita kuma yana tsintar wannan juyi. Jita mai naɗi ɗaya ta fi kama shi. Domin maganinsa ne kamfanin Gibson ya fara sa naɗi biyu a jitocinsa a 1957. A jona amfilifaya da kwamfuta a soket ɗaya, a cire cajar waya, a kashe fanka, sa'an nan mai jita ya juya a hankali a inda yake zaune har ya sami fuskar da ƙugin ya ragu. Ƙaramin janareta yana kawo damuwa biyu, ƙararsa da wutarsa mai hawa da sauka. Batirin sola da inbata mai kyau sun fi shi nesa ba kusa ba. Kwamfutar hannu kuwa a bar ta a kan batirinta lokacin ɗauka.

Inda za a sa makirfo

A haska tocila ta cikin ragar amfilifaya a gano cibiyar sifika. A sa makirfo kamar yatsa biyu daga raga. Idan ya kalli cibiya, sauti zai yi kaifi, wani lokaci har ya soki kunne. Idan aka matsa da shi wajen gefe, sai ya yi laushi da kauri. Wurin farawa mafi kyau shi ne inda cibiya ta haɗu da faifan sifika. A ɗauki sakan 20 a saurara, a gusa da faɗin yatsa ɗaya a sake ɗauka. Wannan ɗan gusawa yakan canja sauti fiye da murɗa maɓallai duka. In an sami wurin, a manna alama a raga.

Kada a taɓa jona wayar da ke zuwa sifika kai tsaye cikin sawunkad, za ta ƙona shi.

Ɗaki da lokaci

Ɗakin siminti da babu kaya yana mayar da amo. Ɗakin kwana mai katifa da labule ya fi. A ɗora amfilifaya a kan kujera, a janye ta daga kusurwa, a rataya bargo a bayan makirfo. Ruwan sama a kan kwano ba shi da magani sai jira. Da hunturu a riƙa rufe kaya, don ƙura ce ke sa maɓallai ƙarar ƙas-ƙas. A zaɓi lokacin da injin niƙa da babura suka lafa, a kuma sanar da maƙwabta.

Ƙarfin ɗauka

A daidaita tsirkiyoyi kafin kowace ɗauka. A kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, a murɗa maɓallin sawunkad har ma'aunin Audacity ya tsaya tsakanin -12 da -6. Idan ya kai ƙarshen ma'aunin, sautin ya fashe, kuma ba ya gyaruwa. Masu farawa sukan cika ƙazantar sauti a amfilifaya. A rage ta ƙasa da yadda ake so a ɗaki, domin a rikodi takan rufe muryar mawaƙa, kalmomin waƙa su ɓace.

Wanda waya kaɗai gare shi

Shi ma ya fara. A rage ƙarar amfilifaya, a ajiye waya kamar kamu ɗaya daga sifika, a rufe layin kira. Waƙoƙin Mdou Moctar, makaɗin jita daga Jamhuriyar Nijar, sun fara yaɗuwa ne daga waya zuwa waya ta bulutut da memori kafin ya kai ga zagaya Turai da Amurka. A ajiye ainihin ɗaukar a matsayin WAV a wuri biyu, a fitar da MP3 domin turawa ta WhatsApp.