RED-S: Lalurar da ake sa ido a kanta a jikin 'yan wasa mata

RED-S suna ne da Kwamitin Olamfik na Duniya ya sanya a shekarar 2014 ga yanayin da abincin ɗan wasa ke gaza cike gurbin ƙarfin da atisaye ke ƙonawa. Idan giɓin ya daɗe, jiki yakan dakatar da wasu ayyukansa domin ya tsimi ƙarfi. Lalurar tana kama maza da mata, sai dai jikin mace yakan nuna alama bayyananniya: ɗaukewar jinin al'ada.

Tun 1992 likitocin wasanni a Amurka suka alaƙanta abubuwa uku: matsalar cin abinci, ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke kare ƙashi yakan ragu, har ƙashi ya riƙa tsagewa saboda yawan gudu kawai.

A watan Nuwamban 2019, 'yar tseren Amurka Mary Cain ta shaida wa jaridar New York Times cewa matsin rage ƙiba a sansanin horon Nike ya ɗauke mata al'ada shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Kocinta, Alberto Salazar, ya musanta yawancin zarge-zargen.

Domin gano lalurar da wuri, likitocin ƙungiyoyi kan bibiyi nauyin atisaye, barci, abinci, gwajin jini da kwanakin al'ada. A 2020 ƙungiyar mata ta Chelsea ta sanar cewa tana tsara atisayen 'yan wasanta bisa zagayowar al'adarsu, ta hanyar manhajar FitrWoman.

Sai dai bayanan da ke kare 'yar wasa suna iya cutar da ita idan suka faɗa hannun da bai dace ba. A Fabrairun 2023, bayan iyaye da likitoci sun koka, hukumar wasannin makarantun sakandare ta jihar Filorida ta cire tambayoyin al'ada daga takardar lafiyar da ɗalibai ke cikewa. Muhawarar ta tsaya ne kan wanda ya cancanci ganin bayanan: likitan da ke duba yarinya, ko hukumar da ke yanke hukuncin ko za ta buga wasa.