Farcen Gadufawa da Dutsen da Ya Adana Shi

Yawancinmu mun san Agadas ne ta hanyar fatauci da labarin ayarin gishiri. Kudu maso gabashin birnin, cikin hamadar Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa, inda iska ke share yashi tana fito da ƙasusuwan halittun da suka daɗe da zama dutse. Masanin Faransa Philippe Taquet ya yi aikin tono a can tun shekarun 1960.

A 1997 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya isa wurin. Ɗaya daga cikinsu, David Varricchio, ya hango wani farce kwance a sarari, lanƙwasasshe kamar lauje, tsawonsa kusan ƙafa guda. Da suka haƙa ƙarƙashinsa sai ga sauran ƙasusuwan dabbar. Farcen babban yatsan hannu ne na wani dainoso mai farauta, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 11. A 1998 aka raɗa masa suna Sukomimus, wato mai kama da kada, saboda dogon bakinsa.

Farcen kaɗai ba zai faɗi shekarunsa ba, ba kuma zai faɗi abin da mai shi yake ci ba. Dutsen da ya rufe shi ne ya bayyana wannan. Shimfiɗar da ake kira Elrhaz yashi ne da koguna suka jibge hawa-hawa fiye da shekara miliyan 110 da suka wuce, ya daskare. A cikinta aka samu ƙasusuwan kifi, da kunkuru, da ƙaton kadan nan Sarkosukus. Ashe inda raƙumi ke wahala yau, ƙasar ruwa ce a da. Daga nan masana suka ɗauka cewa farcen ƙugiyar kama kifi ne. Shi ya sa a ganinmu wanda ya tsinci irin wannan ƙashi ya jefa a jaka don ya sayar ya yi ɓarna babba, domin ya raba shi da shaidarsa.

Wata hujjar daga Ingila ta zo. A 1983 William Walker, mai gyaran famfo, ya tsinci farce irin wannan a ramin haƙar yumɓu a Surrey. Dabbar, Bariyoniks, dangin Sukomimus ce, kuma an samu ɓawon kifi a daidai wurin cikinta.